Tsirkiya Huɗu

Noelene ta danne takardar kiɗan da mijinta ya rubuta da kofin shayi don kada ta zame, sannan ta ja mata jan layi tun daga sama har ƙasa.

"Sauti huɗu kuma, Desmond? Ai ko ƙararrawar ƙofarmu ta fi ka fasaha."

Desmond ya ɗauki wuƙa. Ya shafa man shanu a gasasshen burodi, ya yanka shi ƙanana, ya tura mata farantin.

Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa a ɗakin injin jirgin ruwan da ke tsallakawa daga Devonport zuwa Melbourne, wai shi ne da furfurarsa ya tashi zai tsara kiɗa. Kiɗan ma na celo, babban gogen nan da matarsa ta yi suna da shi a duk tsibirin Tasmania kafin ta ajiye shi bara. Ita kuwa ta riga ta yanke shawara, ranar Asabar tsohuwar ɗalibarta Anjali za ta zo ta tafi da gogen, ta huta da ganinsa a kusurwar falo. Abu ɗaya Desmond ya roƙa, a buga kiɗansa da gogen ko sau ɗaya ne kafin ya bar gidan. Ta yarda, da sharaɗin kada kiɗan ya ba ta kunya a gaban Anjali.

Nan fa ake yin ta. Ta yi masa bayani har bakinta ya gaji. Tsirkiya huɗu ce a jikin celo, kowacce da sauti guda idan an goga ta haka nan. Sauran sautukan duk a yatsun hagu suke, masu danne tsirkiya a wuyan gogen. Sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya shige rumfar kayan aikinsa ta bayan gida, ya fito da sautukan nan huɗu dai. Abin da yake canzawa kawai, nan ya ja dogo, can ya katse, wani wurin ya haɗa tsirkiya biyu a goga ɗaya.

Abin ya ishe ta. Mutumin da ke kwance injin da ya fi gidansu girma ya mayar, ya kasa gane abin da 'yan firamare ke ganewa? Abin da ya fi ƙona mata rai, in ta rera kiɗan a ranta tana jin yana da daɗi, kuma ta ƙi jinin hakan.

"Kai, tsoho, taurin kai ne ko iskar teku ce ta cinye maka ƙwaƙwalwa? Mai bugawa ya yi yaya da yatsunsa, ya zuba su a aljihu?"

"In ya ga dama," in ji shi, yana ɓalla mata maɓallin rigar sanyi.

Ranar Asabar da hantsi ya buɗe akwatin gogen, ya goge ƙurar da ta taru, ya daidaita tsirkiyoyin daidai. Ta yi mamakin inda ya koya, amma haushi bai bar ta ta tambaya ba. Ya kafa takardar a gabanta, da jan layinta da komai.

"Ka ɓata lokacinka. Anjali ba ta iso ba, kuma ko ta iso ba zan miƙa mata wannan shirmen ba."

"Wa ya ce miki Anjali na rubuta wa?"

Ya jingina gogen a ƙirjinta, ya sa mata bakan gogawa a hannun dama. Noelene ta buɗe baki za ta yi masifa, sai idonta ya sake bin takardar.

Tun daga farkon kiɗan har ƙarshensa, babu wuri guda da ke buƙatar hannunta na hagu, wanda ke kwance a cinyarta bai motsa ba tun ranar da ya shanye.