Jan Kofi

Tun da aka kewaye birnin da katanga, hukuma ta raba wa kowane gida kofuna masu gane bakin da ya sha da su. Idan ɗan gudun hijira ne, sai kofin ya yi ja, kafin la'asar a fitar da mutanen gidan bayan katanga.

Lantana ta san dokar sarai. Amma da wata tsohuwa ta yi sallama da rana tsaka, leɓɓanta duk sun tsattsage, kafin Lantana ta ankara har ta miƙa mata ruwa. Haka kakarta ta tarbiyyantar da ita, wadda ita ma a ƙafa ta shigo garin nan shekarar fari.

"Daga ina, Iya?"

"Daga arewa, 'yar nan. Rijiyoyinmu sun ƙafe."

Kofin ya fara yin ja. Lantana ta fizge shi tana cuɗa shi da toka, jan sai ƙaruwa yake yi.

Tsohuwar ta dube ta da tausayi.

"'Yar nan, in za ku fita ku cika jarkoki. A waje babu mai ba baƙo ruwa."