Farar Ƙasar Kajin Malam Ya'u

Wani ƙwan ya sake fashewa a hannun Malam Ya'u tun kafin ya kai shi kwano.

"Ka dai gani da idonka," ya ce wa surukinsa Abdulbaqi, mai sayar da abincin kaji a Panshekara. "Ɓawo kamar takarda! Kai ka ce in ana zuba musu farar ƙasa a dusa zai yi ƙwari. Ni za ka kawo wa jabu?"

Abdulbaqi yana durƙushe, bai ɗago ba. "Baba, a nuna mini ragowar."

Aina'u matar gidan ce ke ba kajin abinci in Malam ya tafi aiki kamfanin fata a Challawa. Ta kawo ledar farar ƙasar. Saura kaɗan ta ƙare.

Abdulbaqi ya tona dusar da ke gaban kajin. "Baba, ai ba a zuba musu ba."

"To ina ta tafi?"

'Yarsu Firdausi, wadda ta rako mijinta da tsohon cikinta, ta ƙura wa uwarta ido. Sai ta ga fari-fari a gefen bakinta.

"Umma," ta ce a hankali, "ni ma da kwaɗayin farar ƙasa nawa cikin ya fara."

Aina'u ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam Ya'u ya shiga neman hularsa, alhali tana kansa. Abdulbaqi kuwa sai da ya kai bakin titi ya tuna da takalmansa.