Goma ga Watan Huɗu

Da fartanya ƙanen ya sari yayansa a ka, jini ya fantsama a kan gero.

"Baba ya rasu a watan bakwai! Yaya aka yi ya ba ka gona a watan goma? Maƙaryaci!" Ya ƙara masa sara, takardar ofishin filaye tana hannun yayan. Yayan bai sake tashi ba.

Ranar sadakar uku, wani ma'aikacin ofishin filayen ya durƙusa gaban mahaifiyarsu. Ya ce sun kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabuwar kwamfuta, ashe ita lambar wata take fara karantawa kafin ta rana.

"Ba huɗu ga watan goma ba ne, Inna. Goma ga watan huɗu marigayi mahaifinsu ya sa hannu. Da ransa, a gabana."