Gishirin Dillalin Fatu

Akwai wani tsohon dillalin fatu a birnin Kano da ya shekara arba'in yana barbaɗa wa ƙirgi gishiri. A ganinsa, duk abin da ya ruɓe a duniyar nan gishiri ne bai ishe shi ba. Da matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce a riƙa sa ta cikin ruwa tana takawa, don ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyin jiki. Sai 'ya'yansu suka haƙa mata kwamin wanka a bayan gida, irin mai ruwan gishiri wanda ba ya cin ido. Mai gyaran da ya haɗa injin tace ruwan ya tsaya ya yi wa tsohon bayani dalla-dalla: famfo ne ke jan ruwa ya bi da shi ta cikin wata 'yar na'ura, ita kuma ta mayar da gishirin maganin kashe gansakuka. In ruwa bai zagaya ba, gishirin zaman banza yake yi. "Baba, in ka ji kukan famfon ya canja, kashe shi ka kira ni. Kuma don Allah kada a ƙara gishiri sai na zo na auna." Tsohon ya leƙo shi ta saman tabarau, ya ja muryar nan tasa ta cikin hanci. "Gishiri? Ni za a koya wa gishiri? Malam, tun ba a yanke maka cibi ba hannuna ke cikinsa."

Wata huɗu Hajiya, matar tasa, tana shiga ruwan kullum da hantsi, mata biyu na riƙe da ita. Daga taku uku ta kai ashirin, har ta fara zuwa banɗaki ita kaɗai tana dafa bango. Sai damina ta sauka. Famfon da ke gurnani a hankali ya koma ƙiii, ƙyat-ƙyat-ƙyat, kamar akuyar da igiya ta shaƙe, ruwan da yake turowa kuwa bai fi fitsarin jariri ba. Cikin kwana uku kwamin ya yi dishi-dishi, kore ya kama gefen bango, matakala ta yi santsin da ba mai iya sauke marar lafiya a kanta. Tsohon ya tsuguna ya shinshina, ya tsoma yatsa ya lasa, ya gyaɗa kai: ruɓa ce, ya san ta. Ya ciro waya, har ya nemo lambar mai gyara, sai ya hango kansa yana cewa "zo ka taimake ni" ga mutumin da ya yi wa gorin cibi. Ya mayar da wayar aljihu. Ya sa aka kwaso masa ragowar gishirin fata daga tsohon sitonsa, mai tsakuwa da jan ƙasa, ya juye buhu biyu a kwamin. Kore ya ƙaru, shi ma ya ƙara. Da famfon ya ɗau zafi sai ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu wai ya huce, bai san ya toshe masa ɗan numfashin da ya rage ba.

Hajiya na kallo ta taga. Harshenta ya yi nauyi tun da ciwon ya same ta, amma bai dakushe ba. "Alhaji, kira mutumin nan mana. Ƙafar nan ta fara manta ni." Ya ce ta ƙara haƙurin kwana biyu, gishiri ba ya aikin gaggawa. Ta ce, "To ai ni ba ƙirgi ba ce, da za a jibge ni a sito a jira kasuwa."

Maganar ta soke shi, amma bai kira mai gyaran ba. Cikin sati uku ruwa ya zama miyar kuka, kwaɗi suka tare, sauro ya hana kowa zaman tsakar gida. Wata rana bayan azahar famfon ya yi tari sau biyu, ƙauri ya tashi, ya yi shiru. Ran nan ya buga wayar. Mai gyara ya zo, ya murɗe murfin da ke gaban famfon, ya zura hannu ya zaro curin ganyen darbejiya da baƙar leda ɗaya. Ya ajiye su a gaban takalmin tsohon. "Wannan ne kawai, Baba. Da aikin minti biyar ne." Yanzu kam inji ya ƙone, gishiri ya cinye na'urar, sai an kwashe ruwan kaf an kankare bango, kayan gyara kuma sai daga Legas.

Sati bakwai aka ƙara. Ran da ruwa ya dawo garau, matan nan biyu suka ɗauko Hajiya a kujera suka sauke ta ciki. Ta yi, ta yi, ƙafar ba ta ɗagu ba. Likita ya ce ƙarfin da ƙafar ta tara ya zube, kuma a shekarunta ba zai yi alkawarin dawowarsa ba. Ta daɗe tana duban ruwan, sannan ta ce, "Ya yi kyau. Ku mayar da ni ɗaki." Ba ta sake yarda an fito da ita ba. Tun daga ranar, duk safiya za ka ga tsohon durƙushe da babbar riga a gaban famfo yana tsince ganye ɗai-ɗai, yana gyaran ruwan da ba mai shiga.

Da ma Hausawa sun faɗa: girman kai rawanin tsiya.