Jar Akuyar Malam Gide

Akwai masu POS a Faskari, amma Hajaratu ta wuce su ta hau motar Ƙanƙara. Can ba kowa ya san fuskarta ba.

Da safe ta sayar da jar akuyar, ta ƙarshe cikin dabbobin da mijinta, marigayi Malam Gide, ya bari. 'Yarta Mansura ta ga ana jan akuyar, ta tambayi me za a yi da kuɗin.

"Taki," in ji Hajaratu, ba ta dube ta ba.

A gidansu na Tafoki ba a ambaton sunan ɗanta Jabiru tun ranar da aka tafi da shi. Ƙannensa sun fitar da kayansa, sun cika ɗakin da harawa. Ita ma ta yi rantsuwa gaban dangi cewa ta cire shi daga ranta.

Sai jiya ga kira daga baƙuwar lamba. Ta laɓe bayan rumbu ta ɗauka. Muryar ɗanta ce daga gidan yari, tari yana katse ta. Ƙazwa ta cinye masa jiki, yana son sabulu da magani da ɗan garin kwaki. Wani gandiroba ya yarda a turo kuɗi ta asusunsa.

A wani shago a Ƙanƙara ta miƙa wayar, mai POS ya kwafi lambar. Yana cikin dannawa aka dafa kafaɗarta. Barakatu ce, ƙawarta ta ƙuruciya daga Ketare.

"Ya haƙuri? Ki yafe mini, hanya ba lafiya, ban samu zuwa gaisuwa ba. Ina Jabiru? Ai yanzu shi ne uban gidan."

"Ya yi tafiya."

"Allah ya yi masa albarka, ya sa ya gaji mahaifinsa."

Hajaratu ta motsa leɓe, amin ɗin bai fito ba. Ta karɓi wayarta ta fita, ko sallama ba ta yi ba.

A hanyar dawowa, motarsu ta kusa gida, wayar ta yi ƙara. Ta cusa ta cikin hijabi, ta sunkuya don kada na kusa ya ji.

"Inna, kuɗin sun shigo."

"Ka sayi maganin tarin tukuna," ta ce a hankali. "Ka riƙa cin abinci."

Daga bakin titi zuwa gida sai an bi ta gefen maƙabarta. Kullum takan tsaya ta yi wa Malam Gide addu'a. Yau ta ja hijabi ta rufe fuska, ta ƙara sauri, hawaye na zuba. Ba ta san da wane baki za ta roƙa masa gafara ba, bayan ta sayar da akuyarsa don ciyar da ɗan da ya nuna wa 'yan bindiga ƙofar ɗakinsa.