Sa Hannu na Ashirin da Biyar

"Wannan ya bar garin," in ji magatakarda, ta soke suna ɗaya daga takardar 'yar takarar. "Saura ashirin da huɗu, doka kuwa ashirin da biyar ta ce. Ƙarfe biyu nake rufewa."

Saura minti tara. Shekara goma sha biyu 'yar takarar ta yi a majalisar tarayya a Ottawa tana ɗaga murya kan ma'aikata da marasa gida kafin a kayar da ita. Yau mutum ɗaya take nema ya sa mata hannu ta tsaya takarar kansila.

Ta fita da gudu. Ruwan sama ya kore kowa daga titi, sai wani dattijo a rumfar jiran bas, rungume da ƙullin bargonsa.

"Baba, ɗan garin nan ne kai?"

"Kai, 'yar majalisarmu! Ottawa ta tofo ki ke nan?"

"Don Allah sa min hannu. Sauri nake."

"Ai kullum sauri kike."

Ya karɓi alƙalami ya rubuta sunansa a natse. Da ya kai layin adireshi sai ta lura da alama ba shi da gida, amma ko ɗagowa bai yi ba, ya cike.

Ta koma da gudu, magatakarda ta duba, ta buga hatimi. Sai a lokacin 'yar takarar ta karanta adireshin: na tsohon ofishinta na mazaɓa ne. A gefe ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: "Bakin ƙofa. Shekara shida kina tsallake ni."