Sunan da Ya Rage a Tsohuwar Sabar

"Goge sunan nan mana, Tanwir! Mamaci ne zai riƙa shiga ma'ajiyar bayananmu?" in ji manaja.

Tanwir ya gama saita kowane rukuni na ma'aikatan ofishinsu na Lahore, da sun kunna kwamfuta sai ta haɗa su kai tsaye da sabuwar sabar, wato babbar na'urar da ke riƙe da bayanan ofis. Suna ɗaya ya rage a tsohuwar: Shafqat, abokin zamansa a ofis da ya rasu wata huɗu da suka wuce. Kullum bayan asuba sunan kan shigo, ya yi minti goma bai taɓa komai ba, ya fita.

"Ɓarawo ne ke leƙenmu," manaja ya ce. Tanwir ya runtse ido ya goge.

Washegari wayarsa ta yi ƙara, ya ji muryar dattijo.

"Ɗana, mahaifin Shafqat ne. Kwamfutarsa tana wurina. Kullum in na buɗe sai ta rubuta, 'Shafqat ya shigo.' Shi nake karanta wa mahaifiyarsa, sannan ta yarda ta sha shayi. Yau kuwa cewa ta yi wai babu mai wannan suna. Ko ni na taɓa wani abu ne?"